Gidaje Talatin a Gindin Durumi

Lado Tarwaɗa yana nan da ransa. Na fara da wannan ne saboda duk wanda ya ji ina ba da labarinsa sai ya yi saurin cewa Allah ya jiƙansa, ni kuma in tsaya gyara. Yana nan, yana cin tuwo, yana dogara sandarsa ya je masallaci. Ranar Juma'ar da ta wuce ma muna tare.

An haife shi a wani gari da yanzu sai dai kwalekwale ya bi ta kansa. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka datse ruwan Tiga, aka zo da manyan motoci aka kwashe su da kajinsu da turamensu, aka sauke su a gefen garinmu, nan ƙasar Bebeji. Ni kuwa, Yusif, haifaffen nan ne, kakan kakana ma a nan aka binne shi. Mun fara sanin juna ne da dambe, a kan wata tunkiya da ba tawa ba kuma ba tasa ba. Da aka raba mu ya tofar da ƙasar da ke bakinsa ya ce mini kifin rijiya, wai ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na guga ba. Na ce masa tarwaɗa, saboda tun ina riƙe da shi yake sulluɓewa. Sunayen nan biyu suka bi mu har muka yi furfura.

Shekarar farko dattawan da aka taso ba su da gona, ba su da abin yi. Sai suka samu gindin durumin bakin hanya suka haƙa dara. Ga wanda ya tashi a birni bai san ta ba: ramuka talatin ne a ƙasa, layi biyar, kowane layi shida. Mutum biyu ne ke yi, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya tsakuwa ɗaya guntayen kara. A zuba su ɗaiɗai, sannan a riƙa gusawa rami ɗaya ɗaya. Duk wanda ya jera nasa uku sai ya cire ɗan abokin wasansa guda, shi ne ci.

Darar tasu ta bambanta da ta ko'ina a wuri ɗaya. Mahaifin Lado, Malam Adamu, shi ya fara. Wata rana ya ɗora tsakuwarsa a ramin kusurwa ya ce, "Na shiga gidan Liman." Abokin wasansa bai ko ɗago kai ba ya ce, "To ni ina maƙera." Kafin damina ta faɗi kowane rami ya samu suna, kuma ba da ka aka raɗa ba. Yadda garinsu yake a zaune kafin ruwa ya ci shi, haka suka jera shi a ƙasa: masallaci ta gabas, marina can ƙarshe, mahauta, gidan Sarkin Ruwa, bakin rijiya a tsakiya. Babu mai gusa ɗa bai faɗi gidan da ya fito da wanda zai shiga ba. Dattawan suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, muka gaji wurin, muka gaji sunayen. Ni da ban taɓa taka garin ba na san cewa daga mahauta sai gidan Inna mai daddawa.

Lado masunci ne, ya yi shekara arba'in da wani abu yana su. Ya fita da asuba, ya dawo da hantsi da karfasa da tarwaɗa, matarsa Safara'u ta yi banda, a kai kasuwar Ɗangora. 'Ya'ya biyar suka raina, duk sun yi aure. Bai taɓa wuce Zariya ba. Akwai wani wuri a tsakiyar ruwan da ba ya jefa koma ko da kifi na tsalle yana faɗowa cikin jirginsa, ya ce maƙabarta ce a ƙasa. Wannan shi ne Lado daga asuba zuwa azahar, kuma a wannan lokacin mutum ne mai shiru, sai ka yi masa tambaya uku ya amsa ɗaya.

Da an sallame la'asar kuwa sai ya zama wani mutum. Ya zo gindin durumi da tsakuwoyinsa goma sha biyu a ƙulle cikin tsumma, waɗanda mahaifinsa ya tsinto a rafin tsohon gari, da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki. Mu huɗu ne 'yan kullum: ni, da shi, da Datti tela, da Ɗanjuma mai tireda. Ƙa'idarmu, wanda aka ci shi ke tashi ya ba wani wuri, kuma ba ya tashi shiru, sai ya faɗa da bakinsa kowa ya ji, "Na sha ƙasa." Gobe kuma shi zai riga kowa zuwa ya share wurin ya sake haƙa ramukan da awaki suka tattake. Na haƙa ramukan nan har farcena ya san su.

Lado ba ya ci da ladabi. In ya jera uku sai ya daɗe yana shawagi da hannu a kan karanka kamar shaho, ya zaɓi wanda ya fi yi maka ciwo, ya jefa shi cikin ƙwarya ya daka tsawa, "Tiga ta ci!" Sannan ya juyo ya tambayi lafiyar iyalinka. Ya ce da Datti ya koma ya ɗinka wa tunaninsa aljihu ko ya daina zubewa. Ni kuwa, "Kifin rijiya, fito ka ga duniya." Ina cinsa kamar sau ɗaya cikin biyar, kuma ranar da na ci shi har gida nake raka shi ina tambayarsa ɗanɗanon ƙasa. Sau biyu muna yin gaba ta mako guda a kan dara. Ban taɓa jin daɗin wani abu a duniya kamar yammacin nan ba, kuma a lokacin ban san daɗi nake ji ba, na ɗauka haushi ne.

Shekara uku ke nan, cikin damina, yana zaune yana ɗinkin koma sai ya kife. Hawan jini ne. Aka kai shi asibiti a Kano, ya yi mako uku. Ya dawo hannun dama a sake, ƙafar dama yana janta, baki ya karkace. Magana tana fita amma ɗaiɗai, sai ka jira. Da muka je dubiya ya ɗauki lokacin da za a sha kofin shayi kafin ya gama ce mini na gode. Na fito na tsaya a ƙofar gida ina jiran kuka ya zo, bai zo ba. Na wuce gona na ci gaba da cirar ciyawa.

Bayan wata huɗu sai ga shi da la'asar, da sanda, da ƙullin tsakuwa a aljihu, ƙwaryar a hammata. Tun daga nesa muka hango shi, kuma tafiyar da a da ba ta kai minti biyu ba ta ba mu lokacin yin shawara. Ni na kawo shawarar, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce, "Mutumin nan ba shi da sauran komai sai darar nan. Kada wanda ya ci shi. A bar masa." Datti ya ce sadaka ce. Ɗanjuma ya ce Allah ya ba mu lada. Babu ɗayanmu da ya tsaya ya tambayi kansa ko Lado yana bukatar a bar masa. Mun ga baki ya karkace, sai muka yanke cewa kan ma ya karkace.

Haka muka yi wata biyu. Ya zuba tsakuwa da hannun hagu, a hankali, yana kiran gidajen da ƙyar. Mu kuma mu yi ta kauce wa ci kamar masu tsallake kwata. In na ga uku ta kusa jeruwa sai in gusa wani can daban, in yi tsaki kamar na yi kuskure. Ya ci, mu haɗa baki, "Ma sha Allah, sannu Lado." Datti ya koma yi masa magana da ƙarfi, kalma ɗaya ɗaya, kamar kurma. Ni kuma ban san ranar da na daina ce masa Tarwaɗa ba, kawai na ji bakina yana cewa Malam Lado. Ta ina za ka zolayi mutumin da yawu ke zubo masa?

Tunda ba a cinsa, ba ya tashi. Daga la'asar har kiran magariba yana zaune a wuri ɗaya, ƙafar nan tana kumbura, mu uku muna karɓa-karɓa a gabansa muna cewa mun sha ƙasa. Makon farko yana jefa kara a ƙwarya ya ce Tiga ta ci. Mako na biyu ya koma ajiyewa a hankali. Daga baya ƙwaryar ma ya daina zuwa da ita, sai ya tara karan a gefen gwiwarsa. Wurin ya yi tsit, har masu wucewa suka daina tsayawa kallo. Na lura da duk wannan, na ce a raina ciwo ne ke cinsa.

Ranar wata Talata ni ne a gabansa. Ina da kara biyu a jere, ramin na uku shi ne bakin rijiya, kuma tsakuwarsa ce a ciki ta toshe. Yaron goye ya san ba a ɗaga wannan tsakuwar. Lado ya sa hannu ya ɗaga ta, ya ce, "Daga... bakin rijiya... zuwa mahauta." Ya bar mini ramin a buɗe, ga karana a gefe yana jira. Sai ya ɗago ya dube ni.

Na gusa wani can wajen marina.

Ya mayar da tsakuwar bakin rijiya. Na yi wani wasan banza. Ya sake ɗaga ta, ya sake dubana. Na sake kaucewa. Sau uku ya yi haka. A na ukun Datti ya yi tari, Ɗanjuma ya tashi wai zai duba tireda. Ni ina kallon ƙasa kamar an ce in ƙirga ta.

Lado ya tsince tsakuwoyinsa ɗaya bayan ɗaya ya ƙulle, da haƙori ya ja bakin tsumman. Sannan ya shimfiɗa tafin hannun hagu ya shafe ramukan, tun daga gidan Liman har marina, bai bar ko ɗaya ba. Ya dafa sanda. Na miƙa hannu zan taimaka, ya ƙi kallon hannun. Da ya miƙe tsaye ya ce, "Na... sha... ƙasa." Ya juya ya tafi, muna kallon bayansa har ya sha kwana.

Datti ya ce, "Ciwon nan yana sa fushi." Na ce haka ne.

Washegari bai zo ba. Jibi ma haka. Na ce zan je in same shi in an kwana biyu ya huce. Sai girbin shinkafa ya zo. Sai dashen albasa, sai injin ban-ruwa ya lalace, sai bikin 'yar ƙanena a Tudun Wada. Tsakanin gidana da nasa bai fi tafiyar minti biyar ba, na yi wata bakwai ban yi ta ba. Muna haɗuwa a masallaci, in ce ya jiki, ya ce da sauƙi, kowa ya nemi takalminsa. Ba zan ce ina jin kunya ba, ba zan ce ina jin baƙin ciki ba. Ba na jin komai. Ina ci, ina barci, ina zuwa gindin durumi saboda ƙafata ta saba.

Darar ma ta lalace a hannunmu. Wata rana muka yi musu da Datti a kan rami na uku a layin tsakiya, ko gidan Sarkin Ruwa ne ko gidan Wanzamai, babu mai raba mu. Daga nan muka koma cewa nan da can. Ɗanjuma ya kawo ludo daga tiredarsa, mai gilashi, ya ce ta fi sauƙi, ba haƙa ba shara. Muka koma kaɗa ɗan ludo a gwangwani, dattawa uku da furfura, muna jiran shida ta fito.

Abin da ya kai ni gidansa ba wani abin kirki ba ne. Matata ce ta ce in biya in karɓo mata bandar kifi wurin Safara'u. Na yi sallama a zaure, Safara'u ta amsa daga ciki ta ce, "Malam Yusif ne? Shigo mana, ai duk mun tsufa, wa za a ɓoye wa wa?"

Na shiga. A tsakar gida, gindin mangwaro, sai ga ramuka talatin a haƙe tsaf, an yayyafa musu ruwa don kada su rufta. Ga ƙwarya mai ɗinki a gefe. Lado yana ɗaki yana sallar walaha.

Na ce, "Su wa ke zuwa yi masa wasa?"

Ta ce, "Su wa fa? Ni ce." Tana juya kifi a kan waya ba ta ko dube ni ba. "Da ya dawo ranar nan kwana uku bai ci abinci ba. Na ce to tashi ka koya mini abin nan da ya hana ka zaman gida shekara arba'in. Gidajen ai ba sai an koya mini ba, a bayan marina aka haife ni."

"Kina bar masa dai ko?"

Sai a lokacin ta juyo. "In bar masa? Mutumin da ya cinye ni ya fi sau ɗari uku, yana ce mini in koma bakin murhu? Sau shida na ci shi, kuma kowanne da gumina. Ranar farko da na ci shi dariya ya yi har ya ƙware, sai da na ba shi ruwa. Ya ce na sha ƙasa, da safe ya ja ƙafa ya zo ya haƙa ramukan da kansa." Ta mayar da kanta kan kifin. "Hannu ne da baki suka shanye, Malam Yusif. Ku kuka ƙara masa da kai."

Garin neman gira mun rasa ido, kuma ni na nuna hanya.

Lado ya fito. Ya rame, amma idon nan yana nan yadda na san shi. Ya ce, "Malam Yusif... sannu da zuwa." Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa a kofin baƙi. Ya tambayi gida, ya tambayi albasa. Na amsa. Da gaisuwa ta ƙare na ce, "Lado, mu buga ɗaya." Ya kwance tsumma.

Na rantse ranar nan da gaske na yi. Na zuba karana da duk abin da na sani, na ci masa tsakuwa biyu tun da wuri, ban raga ba. Amma wata bakwai ina kaɗa ludo, hannuna ya yi tsatsa. Na ɗaga karan da ke bakin rijiya na kai shi gidan Sarkin Ruwa, ina sakinsa na ga abin da na yi. Na buɗe masa bakin rijiya. Tsakuwa biyu a jere, ta uku a gefe. Daga nan kuma ba ci ɗaya ba ne, duk gusawar da zai yi sai ya ci, har in ƙare.

Wallahi daɗi na ji, karo na farko tun ranar da ya kife. Na ce yau zan ji tsawar nan. Na ma fara shirya amsar da zan ba shi.

Ya ɗaga tsakuwar. Ya riƙe ta a sama, a kan bakin rijiya, ya daɗe. Ya dube ni. Sannan ya mayar da ita inda take, ya gusa wata can ƙarshe ya ce, "Daga marina... zuwa gidan Inna." Ya yi ɗan tsaki, irin wanda nake yi.

Na ce, "Tarwaɗa, ga rami nan a buɗe."

Ya ce, "Wasanka... Malam."

Na bar ramin a buɗe da gangan. Ya sake kaucewa. Na toshe, na buɗe wani, ya kauce. Haka muka yi ta yi har tsakuwoyinsa suka ƙare a gefen gwiwata, ban san yadda aka yi na cinye su ba. Na zauna ina jira ya faɗi abin da ake faɗa. Ya gyara zama ya ce, "Ma sha Allah. Sannu... Malam Yusif."

Na ce, "Don girman Allah ka ci ni. Sau ɗaya."

Ya ce, "Ka gaji. A gaida... gida."

Safara'u ta miƙo mini kifin a ƙunshe cikin takarda. Na karɓa na yi godiya.

Tun daga ranar duk Juma'a bayan an sauko nake zuwa. Shekara biyu ke nan. Ba ya hana ni, ba ya ɓata rai. A shimfiɗa mini tabarma, a kawo ruwa a kofin baƙi, mu buga ɗaya, in ci. Na gwada yin wasan banza ƙarara, ya fi ni iya wasan banza. Na ba shi haƙuri sau biyu, a na biyun har da Datti na tafi, ya ce, "Ba komai... ai alheri kuka yi." Datti ya fito yana murna wai an shirya. Ni na san Lado. In ban da ranar Talatar nan, bai taɓa barin wasa a tsakiya ba, kuma wannan ma wasa ne, shi ke ci.

Juma'ar da ta wuce na cinye shi kamar kullum, ya yi mini sannu, na yi sallama na fito. Ina cikin zaure na ji Safara'u ta ja kujerarta ta zauna inda na tashi. Na ji suna zubawa, ita tana kiran gidajen da sauri, shi a hankali. Can sai na ji kara ya faɗa cikin ƙwarya, ƙwas, da muryar nan a karkace, da ƙarfinta, "Tiga ta ci!" Safara'u ta ce wallahi ha'inci ne, ya ce ta koma bakin murhu, suka kaure da musu.

Takalmina yana ƙafata, ba abin da na manta a ciki. Na daɗe a tsaye a zauren kafin na fita.